Kundin tuna baya na tsofaffin ɗaliban kolejinmu: yadda aikin yake tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na buɗe wannan kaye domin in riƙa rubuta yadda aikin kundinmu yake tafiya, saboda ƴan'uwan da ke nesa sun ba da kuɗinsu, kuma haƙƙinsu ne su san inda kowace dala ta shiga. Shawarar ta fito ne a daren Kirsimetin da ya wuce, a zaurenmu na WhatsApp, wanda yanzu ya tara mutum 64 daga cikin waɗanda suka yi karatu a kolejin kwana na ekklisiya tsakanin 1980 da 1992. Wani yayanmu da ke zaune a Greensboro ta Amurka ya ce ƴaƴansa suna tambayarsa irin makarantar da ya yi, shi kuwa ba shi da abin nuna musu sai hoto guda ɗaya da ya koɗe. Daga nan aka amince kowa ya aiko da abin da yake tunawa, ko a rubuce ko da saƙon murya, ni kuma da na rage a Maradi in tattara, in rubuta, a buga kwafi 150 kafin Ista, wadda za ta kama ranar 20 ga Afrilu.

Abin da ya shigo hannuna zuwa yau jika 412 ne na sefa, ciki har da yuro 200 da wata ƴar ajinmu ta aiko daga Liyon, wanda ya tashi jika 131. Na sayi katin ajiya na waya a kan jika 5, kayoyi da birurruka jika 2, na kuma sa intanet na wata guda jika 10.

Asabar, 18 ga Janairu

Saƙonni tara sun iso. Na mutanen Amurka da Kanada suna shigowa ne da ƙarfe uku ko huɗu na dare, domin muna gabansu da awa shida a wannan lokaci, sai na tashi da asuba in tarar da su. Na gano cewa saƙon minti goma yana cin mini kusan awa guda kafin in gama rubuta shi. Bakwai daga cikin taran da abinci suka fara: garin rogo da ake jiƙawa da ƙuli-ƙuli a ɓoye bayan an kashe fitila, da ayar da iyaye suke kawowa ranar ziyara, da wake da shinkafa na ranar Lahadi. Babu wanda ya fara da darasi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Bayan sujada na hau babur na tafi makarantar, domin shugabanta na yanzu ya yi mini alkawarin buɗe ɗakin ajiya. Na sa rai zan samu rajistar sunayen ɗalibai ta kowace shekara, wadda da ita ce za ta zama ƙashin bayan kundin. Da aka buɗe tsohuwar adakar ƙarfen da takardun ke ciki, sai muka tarar tsatsa ta huda gindinta, gara kuma ta shiga ta yi gininta. Rajistar 1980 zuwa 1985 ta zama ƙasa, in ka ɗaga bango sai ya rabu da cikinsa ya bar maka jan turɓaya a tafin hannu. Ta 1986 zuwa 1989 ta tsira da rabi: sunayen yanka suna nan a gefen hagu, amma sunayen iyaye da garuruwa, waɗanda ke gefen dama, gara ta cinye. Na zauna a ƙasa na ɗauki hoton shafi 41 da waya, ina hura ƙura a hankali don kada takardar ta karye. Ban ga laifin kowa ba, domin makarantar da ke fama da albashin malamai ba za ta tuna da adaka ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Da zan fito na tarar ƙararrawarmu tana nan inda muka bar ta, wato tsohon ƙarfen tayar babbar mota da aka rataye a reshen bedi, har wayar da aka ɗaure shi da ita ta nutse cikin itacen. Na roƙi mai gadi ya buga mini sau uku, na naɗi ƙarar, na tura zaure. Kafin in iso gida mutum 19 sun yi magana, ciki har da wasu biyar da ba su taɓa cewa uffan ba tun da aka buɗe zauren. Man babur jika 2.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Saƙonni 21 a hannu, na rubuta 13. Buji ya hana fita, tari kuma ya kama ni. Na ɗauki wata ɗalibar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta taya ni bugawa a kwamfuta, mun shirya a kan jika 35 har ƙarshen aiki.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

An sami saɓani na farko, a kan shekarar 1984. Duk wanda ya kai shekarunmu a wannan ƙasa ya san yunwar da ake kira El Buhari, lokacin da damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakokinta a zamanin Janar Muhammadu Buhari, hatsi ya daina ƙetarowa ta Jibiya da Dan Isa kamar yadda aka saba. Wani ɗan'uwa da ke Abijan ya ce a shekarar an mayar da mu cin tuwo sau ɗaya a yini, da jar dawar taimako mai ɗaci. Wani kuma da ke Jos ya rantse cewa ba a taɓa rage mana abinci ba, har ya ce wannan magana ɓata sunan makaranta ce. Ni ina aji na biyu a lokacin, kuma abin da ya tsaya mini a ido shi ne matan karkara da ke zaune bayan dangar kicin da ƙorai suna jiran ƙanzo. Yawan tuwon da muka ci kuwa ba zan iya yin rantsuwa a kansa ba. Na gaya wa su biyun cewa akwai wadda ta fi mu sani, kuma tana raye.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na je Tsibiri wajen Inna, wadda ta tuƙa mana tuwo shekara 17. Na same ta a kan tabarma a inuwar rumbu, idanunta sun yi hazo, amma ina yin sallama ta ce, "Wannan muryar ta ɗan gidan mai wa'azi ce, wanda ba ya cin miyar kuka." Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye mata sabulu da sukari, sannan na kawo tambayata.

Ta ce, "Ɗana, dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Ba a rage yawan ci ba, sau biyu ne har aka yi hutu. Abin da aka rage shi ne malmala. Da tiya goma sha biyu nake tuƙawa, aka mayar da ni tiya bakwai, sai na riƙa sassauta tuwon ina faɗaɗa shi a kwano don ido ya ƙoshi." Ta nuna mini da hannuwanta yadda take shafa shi da mara har ya cika kwanon, yatsunta duk sun lanƙwashe da amosani. Ta ƙara da cewa ƙanzon da na gani ana ba matan nan, da gangan take barin tukunya ta kama, kuma shugaban makaranta ya sani, ya kau da kai. Na naɗi maganarta ta minti 48. A ganina wannan shi ne abu mafi daraja da na samu tun da na fara, kuma da shi zan buɗe babin yunwa, maganganun ƴan'uwan biyu su biyo baya kamar yadda suka faɗe su.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mako mai nauyi. Ran Talata wayata ta faɗa cikin bokitin ruwa, ta mutu. Ban damu sosai ba da farko, domin na san na kwashe komai zuwa katin ajiya. Da muka sa katin a kwamfuta sai ya nuna sunayen saƙonnin duka, amma 11 daga ciki suka ƙi buɗewa. Mai gyara a kasuwa ya duba ya ce katin jabu ne: an rubuta giga 32 a jikinsa, alhali abin da yake iya ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na hakan ba, duk abin da ya haura yana ɓacewa ba tare da ya nuna ba. Allah ya taimake ni maganar Inna tana cikin waɗanda ɗalibar ta riga ta kwafa. Gyaran waya ya ci jika 18.

Na bi mutum 11 ɗin ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri. Shida sun sake turo tsohon saƙon daga wayoyinsu. Biyar sun riga sun goge, sai suka sake naɗa, kuma a nan ne na ga asarar da gaske. Wata yayarmu da ke aikin jinya a Beljiyam ta yi minti 25 a karon farko, ta yi kuka da ta zo kan ranar da aka zo daga ƙauye aka ɗauke ƙawarta daga aji na uku aka yi mata aure. A karo na biyu minti shida ta yi, ta gode wa malamai, ta yi wa makaranta addu'a, ba ta ambaci ƙawar ba. Na kira ta na ce, "Yaya, ina labarin nan?" Ta ce ta faɗe shi sau ɗaya, ba za ta iya maimaitawa ba. Ban matsa mata ba. Daga yau komai sai na ajiye shi wuri uku.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na ƙirga na ga mutum 23 daga cikin 64 na zaurenmu Musulmi ne, kuma ina so kundin ya nuna haka, domin haka makarantar take. A shekarunmu azumi yana faɗowa ne a watannin Mayu da Yuni, cikin tsananin zafi, daf da jarrabawar BEPC ta kammala koleji. Wani ɗan ajinmu da ke kasuwanci a Jidda ya aiko da labarin yadda mai gadi, wanda Kirista ne, yake bin gadajensu yana taɓa ƙafar kowa a hankali lokacin sahur don kada ya tashi sauran, Inna kuma tana ajiye musu fura a randa. Wani kuma da ke Arlit ya rubuta cewa addu'ar safe dole ce a kan kowa, ya haddace Zabura ta 23 kafin ya san ma'anarta, kuma da mahaifinsa ya ji yana rera waƙar sujada a gona saura kaɗan ya cire shi. Ya ce bai yi nadamar makarantar ba, amma yana so a rubuta cewa yaro ɗan shekara 12 yana shan wahala idan aka sa shi tsakanin malaminsa da ubansa. Zan sa duka biyun a shafuka masu kallon juna.

Asabar, 8 ga Maris

Wasiƙa mai shafi shida ta iso daga Monreyal ta Kanada, da Faransanci. Marubucinta injiniya ne yanzu. Ya yi bayanin simbol, wato alamar da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta, kamar yadda ake yi a lakwal da yawa tun zamanin Faransawa. Namu muƙamuƙin akuya ne da aka zura wa igiya. Wanda ke ɗauke da shi sai ya yi ta laɓe yana sauraron abokansa don ya samu wanda zai miƙa wa, wanda ya kwana da shi kuma bulala ce da safe. Ya ce ya zo daga ƙauyen yankin Dakoro ba ya iya haɗa jimla, ya kwana da ƙashin nan dare tara a jere, malaminmu na Faransanci ya yi masa dukan da har yau akwai tabo a bayansa, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar Lahadi malamin nan ne yake karanta mana Littafi Mai Tsarki da Hausar da ya doke shi a kanta.

Na tura wa kwamitinmu na mutum biyar. Uku sun ce a cire, domin malamin yana raye, ya tsufa, kuma kundin na godiya ne. Ɗaya ya ce a sa amma a sassauta. Ni ban yarda da cirewa ba. Na lura cewa mafi yawan waɗanda suka yi nisa sun fi mu son a wanke makarantar tas, wataƙila domin ita ce gidan da suke komawa a zuci idan sanyi da kaɗaici sun dame su. Na fahimci hakan, amma wanda ya rubuto wasiƙar ma yana nesa, shi ma ɗanta ne. Na roƙi izininsa in kai wa malamin, ya ce in kai.

Asabar, 15 ga Maris

Na same shi a ƙofar gidansa a kan kujerar kwance, da rediyo a cinya. Ya haura shekara 80. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, na zo da magana mai nauyi, in ka ce in koma da ita zan koma." Ya ce, "Karanta, ɗana." Na karanta shafi shidan duka ban tsallake layi ba. Sau ɗaya ya tsayar da ni, ya gyara mini furucin wata kalma, sannan ya ce in ci gaba.

Da na gama ya yi shiru har na ɗauka ba zai ce komai ba. Can ya ce ya tuna yaron, gajere ne mai tsage a kumatu, kuma ya fi kowa lissafi. Ya ce shi ma da ƙashi aka koya masa Faransanci, kuma a lokacin ya yi imani cewa duk yaron da bai iya harshen ba zai faɗi BEPC ya koma riƙon hauya. "Amma dare tara," in ji shi, "ai ko jaki ba a yi wa haka." Ya ce a buga wasiƙar yadda take, kada a taɓa ko waƙafi, a kuma rubuta a ƙarƙashinta cewa an karanta masa, ya ce gaskiya ne. Sannan ya tambaye ni ko wayata za ta iya kai murya Kanada. Na kunna masa, na tashi na koma bakin zaure, domin maganar ba tawa ba ce. Minti huɗu ya yi. Ban saurara ba, ba kuma za ta shiga kundi ba. Washegari da asuba na ga alamar an buɗe saƙon, har yau dai amsa ba ta zo ba. Kwamiti ya amince a buga, ba tare da sunan malamin ba.

Asabar, 22 ga Maris

Labarai 47 sun kammala, na rufe karɓa. Na rubuta gajeriyar gabatarwa a kan yadda aikin mishan ya shigo ƙasar nan: ƙungiyar mishan ta SIM ta fara a Damagaram a 1924, ta zo Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ga kuma na kutare a Danja, sannan an sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, wanda da shi iyayen wasunmu suka koyi karatun boko. Na nemi farashi wajen maɗaba'a biyu a nan da ɗaya a Kano. Ta Kano ta fi araha, amma in aka haɗa kuɗin mota da canjin naira da ɗawainiyar iyaka, bambancin bai taka kara ya karya ba. Na zaɓi ta nan gida: shafi 120, kwafi 150, kowane sefa 2,200, jimla jika 330. Na ba da kafin alƙalami jika 150.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah ƙarama. Babu aiki. Na zaga gidajen ƴan ajinmu uku na yi musu barka.

Asabar, 5 ga Afrilu

Zaure ya ɗauki zafi a kan harshen kundin. Dokar sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, sai wasu suka ce to ai magana ta ƙare, a mayar da komai Hausa. Yayanmu na Greensboro ya tuna mana cewa saboda ƴaƴansa aka fara aikin, su kuwa suna jin Hausa amma ba sa karanta ta. Na ba da shawara, aka karɓa: kowane labari zai fito da harshen da mai shi ya faɗe shi, 34 da Hausa, 13 da Faransanci, fassara kuma ta zama aikin zagaye na biyu. Wasiƙar Monreyal za ta tsaya da Faransancinta. Mutane huɗu sun ƙara gudummawar jika 90.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kwafin gwaji ya fito, kuma bai yi ba. Kwamfutar maɗaba'ar ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ suke sai ta sa ɗan akwati. Yaron da ke aikin, da kyakkyawar niyya, ya bi ya mayar da su k da d da b, sai ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, ɓata ya koma bata, har maganar Inna ta rikice a wurare da dama. Mai maɗaba'ar ya ce kowa zai gane. Na ce masa mutanen da aka doka saboda wannan harshe ba za a ba su shi a gurgunce ba. Mun sauko da rubutun da ke ɗauke da haruffan, amma dole a sake bin shafi 120 layi-layi. Zafi ya haura digiri 40, wuta kuma tana ɗaukewa tun hantsi, aikin sai da dare. Ba za mu cim ma Ista ba, na sanar da zaure.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Inna ta rasu daren jiya. Mun je jana'iza mu bakwai daga tsofaffin ɗalibai, Kirista da Musulmi. Jikarta ta roƙi in ba ta muryar da na naɗa, na tura mata nan take a bakin ƙofa. Na so ƙwarai in karanta mata babinta tana raye.

Asabar, 26 ga Afrilu

Gyara ya kai shafi na 88. Lissafi zuwa yau: abin da ya shigo jika 502. An kashe jika 40 a intanet na wata huɗu, 7 a kati da kayan rubutu, 14 a man babur, 18 a gyaran waya, 12 a wanke tsofaffin hotuna, 35 ladan ɗalibar, 150 kafin alƙalamin maɗaba'a, jimla jika 276. Saura jika 226, maɗaba'a tana bin mu 180, abin da zai rage 46, kuma ba zai isa aika kwafi ta gidan waya zuwa ƙasashe tara ba. Shawarata ita ce a bi ta hannun matafiya: ƴar ajinmu ta Liyon za ta zo hutu a Yuli, za ta ɗauki na Turai, na Jidda kuma zan nemi wani maniyyaci daga unguwarmu kafin jirage su fara tashi daga Yamai.

Jiya da dare saƙo ya shigo daga Monreyal, layi biyu kawai. Ya ce in sayi kwafi guda da sunansa in kai wa malamin da hannuna, ya kuma tambaya ko akwai abin da likita ya hana tsohon ci. Zan je in tambayi iyalinsa ran Talata, in na dawo daga maɗaba'a da shafuka 32 da suka rage.